Ramin Ƙarshe a Bangon Ɗakinki

Zuwa ga Maman Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin sauƙi. Yaya gwiwar? Yaya Auta da maigidanta da yaran? Ina fata ba ki fara yi wa likita gardama ba, don na san halin kayana. Ni nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Farkon shigata aikin gini na ji wani tsoho mai haƙar rijiya yana cewa wai ruwan ƙasa ba ya komawa inda ya fito, in ka rufe masa ƙofarka, ta maƙwabci zai ƙwanƙwasa. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, domin mutumin nan shi ne ya taɓa rantse mana cewa ya ji carar zakara a gindin rijiya. Aikin ɗakinki ne ya tuno mini da shi.

Tunda likita ya ce ke da matakala sai dai kallo, na kwashe tarkacen ɗakin ƙasa don in kin dawo mu sauko nan. Kin san bangonsa na baya ya jingina da tudu. Da na janye tsohuwar kabad sai na ga kankaren ya huje wuri-wuri, ruwa na tsattsafowa kamar goshin mai zazzaɓi. Na ce to, tsohon magini, yau a gidanka aiki ya same ka.

Irin wannan rami ba a shafa masa siminti a fuska, ruwan zai tofo shi. Sai ka sa guduma da cizal ka faɗaɗa shi, cikinsa ya fi bakinsa faɗi, ka wanke shi tas. Sannan ka kwaɓa siminti mai saurin kamawa, ɗan kaɗan, ka dunƙula shi a tafin hannu. Da ka ji ya fara ɗumi sai ka cusa, ka danne, kada ka motsa ko da ƙuda ya sauka a hancinka. Haka na bi su daga sama zuwa ƙasa.

Na ƙarshe, na can gindin bango, shi ne mai ƙarfin. A ƙa'ida bututu ake sa masa, a ja ruwan zuwa kwata ya kama gabansa. Na sa bututun, na tsaya na dube shi ya ratsa tsakar ɗaki, daidai inda za ki riƙa bi da sandarki. Na ce wannan ai tarko ne. Na zare shi na toshe ramin. Yanzu ɗakin ya bushe ƙayau, har na yi fenti, kalar da kike so.

Ki gaida Auta. Ki riƙa motsa ƙafar nan kamar yadda aka ce.

Naki,
Magini


Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Na ji daɗin labarin cewa kin taka har bakin ƙofa ba a riƙe ki ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi maƙwabcinmu Mai Agogo. Yana nan, amma fukarsa ta tashi. Kin san tun rasuwar matarsa ya sauko shagonsa da kwana, kuma shagon da ɗakinki bango ɗaya ne ya raba su, tudun da ke bayanmu shi ke bayansa.

Shekaranjiya da hantsi na leƙa shi. Tun daga ƙofa warin laima ya tare ni. Bangonsa na baya ya yi naso har ƙugun mutum, ruwa na bin gindinsa, ya ɗora ƙafafun gadonsa kan bulo, agogunan mutane kuwa ya kwashe su zuwa saman kanta. Ya ce, “Sarkin siminti, zo ka ga baƙon da na yi, bai yi sallama ba kuma ya ƙi tafiya.” Yana dariya tari na sarƙe shi.

Maman Auta, ina ɗora hannuna a bangon nan na san ruwan waye. Tun da muke zaune a nan, shagon bai taɓa jiƙa haka ba sai bayan da na toshe ramin ƙarshe. Amma kin san me bakina ya ce? Cewa na yi ƙila rufin ne ke yoyo. Ni, da na tsufa a kan kankare, na dubi ruwan da ke fitowa daga ƙasa na ɗora wa sama laifi. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya dube ni, ya ce, “To, ai ku ne masana.”

Na dawo na zauna a ɗakinki mai ƙanshin fenti, abinci ya ƙi shiga. Tarinsa na ratso bango ina ji. In na buɗe ramin, ɗakinki zai koma jiƙa, bututu ya sake tare miki hanya, kuma ba zan iya fasa daɓe in binne bututu yadda ya kamata ba sai ruwan sama ya ɗauke ƙasa ta sha iska. Ma'ana, ba za ki dawo ƙarshen watan nan ba. In na yi shiru, ƙirjin bawan Allah ne zai biya. Tun daga ranar, sai in ɗauki guduma, in tuna yadda kika ce kin gaji da zaman gidan suruki, sai in ajiye.

Kada ki faɗa wa Auta, za ta ce Baba ya fara ruɗewa. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Magini


Zuwa ga Maman Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida gida duka. Yaya ƙarfin jiki? Amsarki ba ta iso ba tukuna, kuma ban jira ta ba. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Jiya da safe Mai Agogo bai buɗe shago ba. Na tura ƙofa na same shi zaune bakin gado, ƙafafunsa cikin ruwa, yana jan numfashi kamar mai zuƙar kunu da tsinke. Na samo mota muka tafi asibiti. Aka sa masa abin shaƙa, zuwa azahar ya dawo hayyacinsa. Likita ya ce in ya koma kwana cikin laimar nan, kada a ɗora wa kowa laifi.

Da likitan ya fita na ja kujera na ce masa, mutumina, ba rufi ba ne, ni ne. Na fara yi masa bayanin bututu da kwata, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, “Kai dai ba ka iya ƙarya ba, kunnuwanka har rawa suke. Ranar da ka daina buga guduma, washegari na taka ruwa. Kurma ne ni?” Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce, “Ɗakin Maman Auta ne fa. Matar da ta yi jinyar tawa har ta rufe mata ido, ni zan ce a jiƙa mata ɗaki? Na ce bari in daure, damina ai ba ta dawwama.”

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina can ina ɓoye masa abin da ya riga ya sani, shi kuma yana nan yana shaƙar laima don ke.

Daga asibiti ban zarce ko'ina ba sai ɗakinki. Na durƙusa na sa cizal a ramin ƙarshe. Aikin ya kama da kyau, har na ji haushin gwanintata, sai da na yi gumi kafin ya fashe. Ruwan ya yi tsartuwa ya wanke mini fuska, sanyi ƙalau. Na mayar da bututun, ya ratsa tsakar ɗaki zuwa kwata, fentin gindin bango kuwa ya tashi aiki. Yau da safe na shiga shagon na shafa bangonsa, nason ya fara ja da baya. Shi kuma na hana shi komawa can. In an sallame shi gobe, sama zan kai shi, gadonmu zai kwanta, ni in shimfiɗa tabarma. Ya ce munsharina zai ƙarasa abin da ruwa ya fara, na ce ya daure.

Saboda haka kada Auta ta ɗaure miki kaya. Za ki ƙara haƙuri da gidan suruki har ƙasa ta bushe in fasa daɓen in binne bututun. Na san kin ƙirga kwanakin dawowarki, ni ma na ƙirga, kuma da hannuna na ƙara su. In faɗa za ki yi, ki rubuto shi duka, kada ki rage, zan karanta a tsaye.

Ki gaida yaran. Mai Agogo ya ce a gaishe ki, wai kada ki yi gaggawa.

Naki har kullum,
Magini