Jikata da Na'urar Matse Shara

Litinin, 3 ga Yuli
Mace ce! 'Yata Noreen ta sauka lafiya, sunan jaririya Tessa. A gidana za su zauna har a gama ginin gidansu. Malamar ajinmu na yamma ta ce in riƙa rubuta abin da ya faru, to yau na fara.

Asabar, 8 ga Yuli
Motar shara sai bayan mako biyu take zuwa, kwando ɗaya tak take ɗauka. Ƙunzugun Tessa ya riga ya cika shi. Surukina Darryl ya kawo na'urar matse shara, ya cire mini kabad a kicin ya dasa ta, ko shawara babu. Wai, "Baba, ban da ƙunzugu, ban da ragowar abinci." Ni da na tsufa a injin katako, yaron nan zai koya mini ƙarfe?

Talata, 11 ga Yuli
Na zuba ƙunzugun a na'urar. Tulin nan duka ya koma kamar bulo ɗaya. Ina Darryl ɗin?

Alhamis, 13 ga Yuli
Wani ruwa yana tsiyaya daga ƙasan na'urar. Wari.

Litinin, 17 ga Yuli
Gord mai motar shara ya ciccibi kwandon, ya dire shi. "Tsoho, wa ka kashe ka cusa a nan? Gadon bayana ɗaya ne!" Ya ce nauyin ya wuce ƙa'ida. Na ce ai murfin ya rufu. Ya yi dariya ya ja motarsa. Wasu mako biyun ke nan, cikin zafin nan. Shashasha!

Juma'a, 21 ga Yuli
Tsutsa a gareji, ƙuda a kicin. Noreen ta kori ɗaya daga fuskar Tessa, ta ce, "Baba, ran Lahadi za mu koma garin Timmins wajen mahaifiyar Darryl. Ba zan iya ba." Timmins! Tafiyar rabin yini. Sai dai in riƙa ganin yarinyar a waya. Darryl bai yi min gori ba, gara ma da ya yi. Na kai wa na'urar shuri, yatsana ya kumbura.

Asabar, 22 ga Yuli
Na loda komai a a-kori-kura na kai juji da kaina. Na dawo na zaro aljihun na'urar, na durƙusa ina kankarewa. Sai ga Darryl da bokiti, ya durƙusa kusa da ni. Ya ce a riƙa matse ledoji da tarkace marasa nauyi, sai wuri ya samu a kwando, ƙunzugu ya shiga yadda yake. Na ce dama abin da nake shirin yi ke nan.

Lahadi, 23 ga Yuli
Noreen ta shigo kicin ta shaƙi iska, ta sake shaƙa. Akwatinta na bakin ƙofa har azahar. Da la'asar ta ce, "Darryl, mayar da shi sama." Ta ɗora mini Tessa a ƙirji, ta yi barci a nan.
Kabad ɗin ma dama ya ruɓe. Yaron kuwa... hannunsa ba laifi.
Na buga wa 'yan ajinmu waya duka, har da Gord: ku zo ku ga jikata, ƙofa a buɗe take, a kicin za mu zauna.