Ƙararrawar Tana Jiran Gwaggo Hulda

Kafanchan,
Safiyar Alhamis.

Zuwa ga Gwaggona abar girmamawa, Hulda, a Fatakwal,

Alheri da salama daga wurin Ubangijinmu Yesu Almasihu su tabbata a gare ki da dukan iyalinki. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta miki ciwon gwiwar da ke tashi duk damina, ya ƙara miki ƙarfi a aikinki na jinya. Mu nan muna lafiya. Baba, yayanki, ya murmure daga zazzaɓi har ya koma gonar citta yana faɗa da ciyawa da mutane kamar yadda ya saba. Mama ta shuka acca a bayan gida, Milka ƙanwata kuwa ta ci jarrabawar shiga makarantar jinya, ta ce sawunki take bi.

Na roƙi Mama Hellen, shugabar zumuntar mata, da Endurance, jikan Kaka Yafet, kada su miƙa miki wannan wasiƙa sai sun shiga ɗakinki, sun roƙi ruwa sun sha, sun ga kin zauna, sun kuma faɗa miki da bakinsu abin da ya kawo su. Saboda haka na san kin riga kin ji. Kaka Yafet, kawunki da ya riƙa kai ki makaranta a bayan kekensa, ya huta ranar Talata da hantsi, a kujerarsa, da littafin waƙoƙi a cinya. Ya tsufa da kyau, ya tafi da kyau. Ubangiji ya ta'azantar da zuciyarki, ya ba mu haƙuri duka.

Yanzu ina so ki yi abu ɗaya kafin ki ci gaba da karatu. Ki ari wayar Endurance, ki shiga zauren garinmu na yanar gizo, wanda kika fita daga cikinsa. Ki duba da kyau, ki duba shafukan 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Ba za ki ga hoton Kaka ba. Ba za ki ga kyandir ba, ba za ki ga baƙin ƙyalle ba. Mutane ɗaruruwa sun san labarin tun Talata, wayoyi na hannunsu, kuma babu wanda ya ce uffan. Gwaggo, wannan gagarumar nasara ce ta ilimi da ta al'ada a lokaci guda, kuma ba zan ɓoye ba, da hannun ɗanki Azariya a ciki har gwiwar hannu.

Ban manta yadda kika ji rasuwar mahaifiyarki, Kaka Emilia, ba. Kina tsaye a ɗakin marasa lafiya da tiren magani, wata abokiyar aikinki ta miƙo miki waya tana tambaya ko kin san wannan tsohuwar, kika ga fuskar uwarki da kyandirori kewaye da ita. Kin zo jana'iza, kin tsaya a tsakar gida kin ce mun mai da mahaifiyarki allon talla, kin fita daga zauren, kin sauya lamba, kuma tun ranar ƙafarki ba ta sake taka garinmu ba. A lokacin ina ɗalibi, ba ni da amsa. Yau ina da ita, da hujja da ƙididdiga, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bayan bautar ƙasa na samu shiga wata tawagar bincike ta jami'a da ke aiki a nan Kafanchan. Irin binciken nan ne da ake kira na haɗakar fannoni, wato masana daban-daban su taru a kan tambaya guda. Shugabarmu, Dakta Faustina, masaniyar zamantakewar al'umma ce. Jason masanin kimiyyar kwamfuta ne, akwai kuma mai nazarin harsuna da mai nazarin addinai. Tambayarmu ita ce yadda yanar gizo ke sauya ɗabi'un mutane, da yadda mutane su ma ke lanƙwasa yanar gizo ta bi ɗabi'unsu. Da ake neman inda za a sa ido, wasu suka kawo batun zaɓe, wasu farashin citta. Ni na miƙe na ce a tafi ƙauyenmu da ke bayan Nok a nazarci labarin mutuwa. Jason ya yi dariya, ya ce shi bai yi karatun digiri na biyu don ya bi makoki ba. Na amsa masa cewa duk fasahar da ba ta san yadda ake gaya wa 'ya uwarta ta rasu ba, ba ta gama karatu ba. Dakta ta buga tebur ta ce an zaɓa.

Da izinin mutanen gari muka bi sawun sanarwar rasuwa ta shekarun baya, muka zana taswirar yadda kowace ta yaɗu daga waya zuwa waya. Dattawa sun daɗe suna cewa aikin yaran zamani ne marasa kunya. Taswirar ta ƙaryata su. Masu fara sa hoto 'yan'uwa ne na jiki, da iyayenmu mata na zumunta, kuma ba mugunta ke sa su ba. Da muka zauna da su, wata uwa ta ce in ba ta sa hoton ba, a wurin jana'iza sai an tambaye ta ko suna gaba ne da mamacin. Kin ga inda matsalar take. Yanar gizo ta sauya ma'anar shiru: a da shiru ladabi ne, yanzu ya zama alamar rashin damuwa. Wadda ta sa hoton Kaka Emilia ba ta nemi ɓata miki rai ba, tsoron a ce ba ta ƙaunarta ne ya tura yatsanta.

Jason ya ce maganin mai sauƙi ne. Ya ƙera wata manhaja da ke riƙe duk saƙon da ke ɗauke da kalmomin rasuwa kafin ya shiga zauren. Ba ta yi sati ba mutanenmu suka kewaye ta. Wannan ya mai da hotonsa baƙi ƙirin, waccan ta turo muryarta tana rera waƙar jana'iza, wata kuma ta ɗauki hoton kujera babu kowa a kai, kowa ya gane. Jason ya riƙe kai ya ce mutanen garinmu sun fi 'yan damfarar yanar gizo dabara. Dakta kuwa har da tafi, ta ce ga rabin tambayarmu nan ya amsa kansa, al'umma ta lanƙwasa na'ura a gaban idonmu.

A nan ne na kawo hasashen da ya warware komai. Na ce mutanenmu ba hani suka rasa ba, ƙararrawa suka rasa. Kin fi ni sanin yadda ake yi a da. In an yi rasuwa, ana aiken mutum biyu gidan kowane makusanci. Ba sa magana a tsaye, ba sa magana a ƙofa. Su zauna, su roƙi ruwa, su sha, sannan su faɗa. Sai duk masu kai saƙo sun dawo ake kaɗa ƙararrawar majami'a, a lokacin ne mata ke sakin kuka, ko guɗa in mamacin ya tsufa da kyau. Kowa na iya haƙuri domin ya san ƙararrawa na tafe, kuma babu mai zarginsa don ya jira ta. Yanar gizo ta ba mu murya, ba ta ba mu ƙararrawa ba. Don haka muka naɗi sautin ƙararrawarmu ta gaske, wadda ke da ɗan tsagewar nan a ƙarshe, aka damƙa wa Baba a matsayinsa na dattijon ikkilisiya. Kafin ya turo ta cikin zaure, shiru girmamawa ne. Bayan ya turo, kowa ya sa hotonsa har da furanni. Na raɗa wa tsarin suna Ƙa'idar Jinkirin Girmamawa a Kafofin Sadarwa. Baba ya ce sunan ya fi dokar tsawo, shi dai ƙararrawa ya sani.

Ba a karɓa nan take ba. A taron da muka yi ƙarƙashin mangwaron makarantar firamare, Jibir, ɗan Arɗon rugar da ke ƙetaren rafi, ya tashi. Su ma suna cikin zauren, don a nan ake cigiyar shanu da cinikin nono. Ya kira ni ɗan boko mai manyan kalmomi, ya ce su Musulmi a ranar suke binne mamacinsu, in suka jira ɗan aike ya je Legas ya dawo, da wa za a yi sallar gawa? Aka yi dariya, ni ma na yi, domin tambayar tana da nauyi. Na amsa cewa ƙa'idar ba ta ce a daɗe ba, cewa ta yi a bi tsari: na jiki su fara ji daga bakin mutum, sannan duniya. Gidan mamaci ne ke faɗin lokacin. In nasu ne, a kira wanda ke kusa da uwar ya zaunar da ita ya gaya mata, Arɗo ya turo muryarsa ko da rana ba ta karkata ba. Mai nazarin addinai ya goyi bayana, Arɗo ya gyaɗa kai, aka tashi da tsari ɗaya mai sauri iri biyu.

Sai ga Talata. Gwaggo, ba a taɓa gwada mu da wanda ya fi Kaka Yafet wuya ba. Mutumin da ya jagoranci mawaƙan majami'a tun kafin a haife ni, wanda babu wayar da ba ta da hotonsa da sandar nan tasa. Wani jikansa a Abuja ya kira ni ya ce ya riga ya haɗa hoton da rubutu, yatsansa na ƙaiƙayi, kuma abokansa za su ce shi ne jikan da bai damu ba. Na ce masa yau wanda ya damu shi ne wanda ya jira. Mama Hellen ta tara mata a bayan majami'a ta shelanta cewa duk wadda ta sa ko da rabin kyandir ba za ta ɗaura ankon jana'iza ba, kuma ita kaɗai za ta wanke tukwane. Babban abin tsoronmu Joanna ce, autar Kaka da ke aure a Zonkwa, ga tsohon ciki ga hawan jini, kuma ba ta ajiye waya. Ruwa ya ɓata hanyar ƙauyenmu, bas ba ta shiga. Jibir ne ya ɗauko babur, ya fitar da masu kai saƙo har bakin kwalta. Suka isa, suka zauna, suka sha ruwa, mijinta na riƙe da hannunta aka faɗa mata. Ta yi kuka sosai, amma ita da abin da ke cikinta suna lafiya. Duk wannan lokaci zauren bai mutu ba, ana ta gardamar farashin taki da cigiyar wata akuya mai yankakken kunne. Jason na zaune a ofis yana sa ido, ya kira ni da muryar da ban san shi da ita ba, ya ce ko saƙo ɗaya a kan rasuwar bai fita ba. Dakta ta ce za a gabatar da sakamakon a taron masana, kuma sunana ne zai zo farko. Na ce haka ya dace.

Da aka gama da Joanna, wasu suka ce a kaɗa ƙararrawa. Suka ce Hulda ai ba ta cikin zaure, a buga mata waya kawai, Fatakwal ba nan kusa ba ce, kuma mutane sun gaji da haɗiye kuka. Na tashi zan yi jawabi mai tsawo, Baba ya riga ni. Ya ce ƙanwarsa ta ji mutuwar uwarta daga bakin gilashin waya, ba za ta ji ta kawunta ta haka ba ko da Fatakwal a bayan teku take. Ya ɗaure igiyar ƙararrawar majami'a a jikin ginshiƙi da hannunsa. Gawar Kaka na ɗakin ajiya a asibiti, matan gari sun riƙe guɗarsu, ni kuma ina rubuta wannan a benci a tashar mota, Mama Hellen na ta ce mini in rage Turancin cikin Hausata motar ta kusa cika.

Ga roƙona. Ba a kaɗa ba tukuna, kuma ba za a kaɗa ba sai kin ce. Ki kira Baba ki ce masa kin ji, a kaɗa. Sannan ki biyo Mama Hellen ki zo ki raka kawunki, ki tsaya a tsakar gidan da kika yi mana faɗa, ki ga mun ji. In kuma zuciyarki ta yarda, ki dawo cikin zaure, domin 'yan garinmu da ke Fatakwal na buƙatar mai zuwa ƙofarsu ta roƙi ruwa in ranar ta zo, kuma dattawa sun ce ba su san wadda ta fi ki iya zaunar da mutum ba.

Ki gaishe mini da Kawu, mijinki, da 'yan'uwana yara duka. Mama da Milka suna gaishe ki, Joanna ta ce ki zo mata da dabarun rage kumburin ƙafa, Arɗo da Jibir sun aiko da ta'aziyya. Baba bai ba da saƙon gaisuwa ba. Ya cika cajin wayarsa, ya sa ta a aljihun gaban riga, ya hana kowa kiransa don kada layin ya kasance a riƙe. Ya ce muryarki kawai yake jira.

Ɗanki mai ƙaunarki cikin Almasihu,
Azariya Meshak