Keken Sa'adiyya Yana Kan Teku

Yaya Isyaku,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Dukawuya, ya yara, ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau nake a Chana, har abinci ina ci.

Keken ɗinkin da na saya wa matata Sa'adiyya yana jirgin ruwa, kullum ina bin sa a waya. Ranar da kuka kai ta makwancinta yana Singafo, jiya ya tsaya Lome. Ya fi ni himmar zuwa gida.

Malamai za su ce kyautar da ba a karɓa ba, ba ta shiga gado. Na karanta babin. Amma idan ya iso, ku sa shi cikin kayanta a raba. Tun a kanti nata ne.

Allah ya jiƙanta.

Ƙaninka,
Garba