Likitar da Ba Ta Yarda da "Da Sauƙi" ba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, yara duk sun koma makaranta.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka san an cire masa matsarmama ta 'yan ƙananan huji a ciki, ba a tsaga shi ba, har yana tsokanar Inna wai ɗinkinsa na tela ya fi na likitocin yawa. Bayan mun dawo gida ya daina cin abinci, yana salla a zaune, amma duk wanda ya tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi. Ka san halinsa, mutumin da allurar keke ta huda masa yatsa ya ƙarasa rigar kafin ya faɗa. Mu kuma da muka koma da shi asibiti, muka faɗi maganarsa yadda take.

Likitar, yarinya ce da ba ta girme ni ba, ta ce ita ba ta tambayar dattijo yaya jiki, don ta san amsar. Ta sa shi ya hau gado da kansa tana kallo, ta ga ya dafe gefen dama yana cije leɓe. Ta duba farin idonsa ya yi rawaya, ta tambayi Inna launin fitsarinsa. Nan take ta sa a ɗibi jini, a ɗauki hoton ciki. Ashe ruwan matsarmamar ne ke yoyo yana taruwa a cikinsa. Yaya, na tsorata ƙwarai da ta ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Suka zuƙe ruwan da siririn bututu, suka gyara wurin. In ka ji ana cewa ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to idonta ake nufi. Ban taɓa ganin mai aiki da natsuwa irin tata ba.

Yau da safe likitar ta shigo ɗakin da aka kwantar da shi, kafin ta buɗe baki Baba ya nuna mata inda ke masa zafi. Inna ta yi ta hawaye, ta ce tun da ya aure ta ba ta taɓa jin ya ce ciwo ba, sai yau hankalinta ya kwanta.

Ka gaida matarka da takwaran Baba. Inna da Goggo suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta