Zakaran da Ya Rage wa Nana Zumra

Zuwa ga Yayana Niyaz, a Ostiriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amela da yara, ya kuma ƙara wa hannunka ƙarfi a aikin nan naku na naɗe matattun kaji a leda, amin. Mu ma nan kalau muke, gwargwadon abin da aka bar mana. Ƙanƙara ta narke, Baba ya shuka dankalinsa, jar saniya ta haifi maraƙi mai kama da kai wajen kunnuwa. Gwiwar Mama tana nan tana damunta, amma ba ta taɓa mata harshe ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ilimina bai wuce na tabarmar masallaci ba, kai aka kai makarantar birni. Na zaɓi takarda ne saboda waya kana iya kashe ta ka ce layi ne ya yanke.

Maganar kajin kakarmu Nana Zumra ce ta sa na zauna. Ka tuna zuwanka Babbar Sallah, da ka zauna a kan shimfiɗarta da takalminka mai ƙyalli, ka sha gahawarta, ka ce an yi sabuwar doka, duk mai sayar da ƙwai sai ya rubuta kajinsa a ofishin likitan dabbobi a riƙa buga wa ƙwan hatimi. Ka ce haka mutanen da suka waye suke yi, mu kuwa muna shan ƙwai kamar dila, ba mu san abin da ke ciki ba. Da motarka ka kai ta gari ta dangwala yatsa. Maƙwabciyarmu Inna Shefika har da riƙe ciki don dariya, ta ce ita jikokinta ma ba ta gama sanin sunansu ba balle ta kai kaza a yi mata rajista. To, hatimin bai zo ba har yau. Ma'aikatan ofishin sun leƙo akurkin suka ce babu daɓen siminti, babu famfo, babu ɗakin tantance ƙwai, don haka ta daina zama a kasuwar Alhamis, inda take zama tun ba a haife mu ba. Abin da ta samu daga wayewarka shi ne hukuma ta san ƙofar gidanta.

Ban sani ba ko Jamusanci ya ture maka labarin kajin nan daga ka, bari in tuna maka. Baƙaƙen nan ne masu sanƙon wuya, irin da Nana ta taho da shi daga gidan uwarta ranar da aka kawo ta. Lokacin yaƙi, da kowa ya ɗauki abin da zai iya ya hau dutse, wasu bargo wasu tukunya, ita kaza ɗaya mai kwanci ta cusa cikin rigarta, da ita ta dawo, daga ita aka sake samun irin. Kuma ka san al'adarta: duk amaryar da aka kawo ƙauyen nan sai Nana ta kai mata kaza mai kwanci da ƙwanta a kwando. Ka kuma san ba a godiya a kan kyautar iri. Wadda ta ce ta gode, ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba, haka muka taso muka tarar. Amarya takan karɓi kwandon ne ta sunkuyar da kai ta juya. Shekara da shekaru Nana tana rabon kaji, ba ta taɓa jin kalmar godiya daga bakin kowa ba, kuma wannan shirun shi ne rawaninta.

Sai murar tsuntsaye ta faɗa wa babbar gonar nan ta bakin titi, mai kajin da ba su taɓa ganin rana ba. Namu ko atishawa babu wadda ta yi. Amma aka ce duk abin da ke da fiffike a kewayen sai an kashe shi. Da labari ya iso, kowa ya ɓoye nasa, wasu a rumbun dankali na ƙarƙashin ƙasa, wasu a tsohon injin niƙa. Haji Muyo ya zuba nasa a matacciyar motarsa ya rufa da tamfol, ya zauna a kai yana jan carbi. Da mutanen hukuma suka zo cikin fararen kaya kamar an tashi maƙabarta, gida ɗaya suka sani, wanda ka kai su. Wata yarinya ce likitar, mai sanyin murya. Ta ce wa Nana ta yi haƙuri, ta kira ta uwa, sannan ta tambaye ta ko akwai kazar gidan nan da ta taɓa zuwa wani gida.

Yaya, da ka ga fuskarta. Ta gyara ɗankwali, ta miƙe kamar an kira ta karɓar lambar yabo. Ta fara daga saman ƙauye ta gangaro, gida gida, kowace amarya da sunanta da sunan uwarta da irin kazar da ta samu. Na yi tari, na ƙifta ido har ya yi mini ciwo, na taka mata ƙafa. Ta ture ni ta ce in ba ta wuri, ɗan banza, in bar yarinya ta ji, ai gara hukuma ta san wanda ya cika ƙauyen nan da kaji. A tsammaninta yau ce ranar da alherinta zai shiga kunnen manya. Yarinyar ma sai da ta tsaya da rubutu, ta dube ta kamar tana roƙon ta yi shiru, amma Nana ba ta tsallake ko gida ɗaya ba. Har da motar Haji Muyo, don ta ce kada zafi ya kashe su a ciki.

Ba yanka suke yi ba. Durom ne da hayaƙi, a zuba su da rai a rufe, ka ji fiffike yana dukan ƙarfe, can sai shiru. Nana ta ɗauko wuƙa ta roƙe su su bar ta ko babban zakaranta ta yanka da sunan Allah, a yi miyar kuɓewa irin ta ranar biki, kada ya tafi mushe. Suka ce doka ta hana. Ta ce to wace doka ce ta fi son mushe a kan halal. Aka haƙa rami a bayan maƙabarta aka zuba farar ƙasa. Kafin la'asar ƙauyen nan ya yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa ji ba, har kana jin tafiyar agogon masallaci. Sannan aka sanar cewa diyya ta wanda ya yi rajista ce kawai. Ka gane ko? Wadda ta faɗi sunaye ita kaɗai za a biya.

Washegari mata suka yi kwalliya kamar masu zuwa barka. Inna Shefika ce a gaba, riƙe da kwandon da aka kai mata kaza ranar aurenta. Ta ajiye shi a ƙofar Nana, ta ɗaga murya yadda har na bakin rafi za su ji, ta ce ta gode, Zumra, ta gode ƙwarai da kazar nan. Ta baya ta matso ta ajiye nata ta ce ita ma ta gode. Haka suka jeru, har da amaryar bara wadda ko haihuwa ba ta yi ba. Nana tana tsaye hannuwanta a harɗe a ƙirji, tana karɓar godiyar shekara hamsin a wuni ɗaya, kowace tana sauka a kanta kamar mari. Tun ranar ba a kiranta mauludi, ba mai leƙo ta shan gahawa. In ta gaida mace a hanya sai matar ta tsaya gyaran takalmi.

To ka san ni, kuma ka san bakina. Tun muna yara nake tashin ƙauye da carar zakara, har Liman Asim ya taɓa kiran salla kafin lokaci saboda ni. Na ce ba za su wulaƙanta mana tsohuwa su yi barci mai daɗi ba. Sai na riƙa laɓewa bayan akurkin da asuba ina cara, irin ta babban zakaranta, da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshe. Inna Shefika ta fito ba ɗankwali tana rantsuwa cewa Zumra ta kashe na mutane ta ɓoye nata. Na yi dariya har na faɗa cikin kashin kaji. Ban daɗe ina shan wannan daɗin ba surukin Haji Muyo ya buga waya, masu fararen kaya suka dawo.

Na tare su a ƙofa na ce ni ne zakaran, na yi musu cara a gabansu, ɗayansu har ya yi dariya ya ce a sa ni a durom. Amma tunda an kai ƙara sai sun duba. Suka juye gidan, rumbu, saman rufi, ƙarƙashin gado, ba ko gashin kaza. Nana tana zaune kusa da murhu, hannuwa a harɗe a ƙirji kamar yadda take tun ranar farko, mu duka muna cewa baƙin ciki ne ya kama ta a nan. Yarinyar ta durƙusa don ta ba ta haƙuri su tafi. A daidai lokacin ne wani abu ya yi ɗan kuka, siriri, daga cikin rigar Nana. Ashe ranar da aka zo kashe kajin, ta riga ta zare ƙwai daga ƙarƙashin kazarta mai kwanci ta sa a safar ulu ta ɗaure a jikinta. Da su take yini, a zaune take barci don kada ta danne su, a zaune take salla. Ko Mama ba ta sani ba. Sun kai har ɗan ciki ya fara magana ta cikin ɓawo.

Yarinyar ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba, na ga hakan da idona. Amma na bayanta ya ji, Inna Shefika da ke leƙe ta taga ita ma ta ji, ta kuma tabbatar kowa ya ji. Nana da kanta ta kwance safar, ba ta bari an taɓa ta ba. Ta miƙa da hannu biyu yadda take miƙa wa amare, ta ce wa yarinyar ta riƙe da kyau, da ɗuminsu, kuma kada ta gode. Can aka kai su, ramin farar ƙasa. Irin da ya tsallake dutse lokacin yaƙi bai tsallake wayewarka da wasana ba.

Na zaci za ta tsine mini, na ma shirya baya don sanda. Ba ta yi ko ɗaya ba. Da ta kwana biyu tana makara sallar asuba, don ba ta saba tashi da agogo ba, sai ta kira ni ta ce tunda na iya, in riƙa yi. Yanzu kullum ina tsaye bayan akurkin da ba kowa, ina cara, ita kuma ta fito da tsabar masara a haɓar zane ta watsa a gabana, ta tsaya tana kallona har in gama. Ba ta dariya. Ban sani ba ko hankalinta ne ya taɓu ko hukuncina ke nan, na kuma kasa tambaya. Ta ce wa Mama in diyyar ta zo a aiko maka, kai ka wahala a kanta. In za ka zo bana, kada ka shigo mata da kazar leda, kuma ka koyi cara, don muryata ta fara dishewa, rabin aikin kuwa naka ne.

Ka gaida Amela da kyau, ka shafa mini kan Tarik da Lamiya. Mama da Baba suna gaishe ku, haka ma Gwaggo Behka da Liman Asim. Nana ba ta ce a gaishe ka ba, ba ta kuma ce kada a gaishe ka ba. Ni dai, a madadin gidan nan gaba ɗaya, na gode, Yaya. Na gode ƙwarai.

Ƙaninka, zakaran Nana,
Rifet