Sunan Tegid a Kan Dutse

Rhydlas, 6 ga Maris, 1921

Zuwa ga Yaya Olwen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma hayaƙin Liverpool bai sake tayar miki da tarin nan ba. Yaya aiki, yaya haƙuri da uwargijiyarki? Inna lafiyarta ƙalau, sai dai gwiwa. Ta ce a yi miki godiyar safar ulu.

Kafin komai, wa ya rubuta adireshin wasiƙarki? "Rhydlas, Wales, Ingila." Na san ba hannunki ba ne, na uwargijiyarki ne. In kin samu fuska ki gaya mata Wales ba unguwa ba ce a bayan gidansu.

Ga labari. Kanar Ashcombe, mai mahaƙar dutsen allon da muke wa aiki, zai kafa dutsen tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, a gaban majami'a. Suna ashirin da uku, har da na Tegid ɗinmu. Da yake idon Baba Puw, tsohon masassaƙin mahaƙar, ya yi rauni, ni da ya koya wa sassaƙa aka ba aikin. Yaya, har rawa na kusa yi. Na ce ashe da hannuna zan rubuta sunan yayana inda ruwa ba zai wanke shi ba.

Sai aka kawo takardar abin da za a sassaƙa. A can sama, da Ingilishi, da manyan baƙaƙe: SUN MUTU DOMIN INGILA.

Tegid! Wanda Ingilishinsa bai cika cokali ba. Kin tuna wasiƙarsa ta ƙarshe, layi huɗu a karkace da Ingilishi, saboda hafsan da ke duba wasiƙu ba ya jin harshenmu? Inna sai da aka fassara mata bankwanan ɗanta. Shi ne yau ya mutu domin Ingila, ƙasar da ya gani sau ɗaya ta tagar jirgin ƙasa.

Na ɗauki littafin taswirar da na aro daga ɗakin karatu na kai bukkar da muke shan shayin rana. Na baje shi a kan tebur, na ce ku duba: wannan Ingila ce, wannan Scotland, wannan mu ne. Ukun nan a tsibiri ɗaya, su ne Babbar Birtaniya. A ƙara Ireland, sannan a samu masarautar da sarki ke riƙe da ita. Ingila ɗaki ɗaya ce a gidan, ba ita ce gidan ba. Aka bushe da dariya, ana "Malam Taswira ya fara wa'azi!" Baba Puw ya ce, "Yaro, ƙurar da ke cikin huhuna ba ta tambaye ni sunan ƙasa ba. Sha shayinka kafin ya huce." Elis, wanda ya dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya, ya ce, "Tawa ƙafar tana Faransa. Rubuta mata wasiƙa ka tambaye ta don wa ta mutu, in ta amsa ka gaya min."

Su yi ta dariya. Hannuna ya shanye in na sassaƙa wannan kalma a kan sunan Tegid.

Ki gaida kanki.
Ƙanenki,
Idwal

Rhydlas, 10 ga Afrilu, 1921

Yaya Olwen,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso. Kin ce in riƙe bakina. Ta makara da kwana biyu.

Na sa rigar Lahadi na hau gidan Kanar, ta ƙofar baya kamar mai kawo madara. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. A'a, kujera ya ba ni. Na ce ranka ya daɗe, ban zo da rigima ba, kalma ɗaya nake roƙo. Ban ce a rubuta Wales ba, ban ce a rubuta da harshenmu ba, ko da yake mutum ashirin da biyu cikin ashirin da ukun nan da shi suka kira uwayensu. A sa Birtaniya kawai, ta ɗauke mu duka. Ya dube ni kamar na ce a canja wa Litinin suna. Ya ce, "Ai duk ɗaya ne, samari. In an ce Ingila kowa ake nufi, har da ku. Girmama ku aka yi."

Abin da ya fi ƙona min rai, da gaske yake. Ba mugunta ba ce, bai taɓa lura ba ne, kamar yadda mai takalmi ba ya lura da tsakuwa.

Nan ne bakina ya kufce. Na ce ranka ya daɗe, in na kira ka da sunan maƙwabcinka, ka ce na girmama ka? Na ce haka kuka yi ta girmama mutanen Ireland, ga shi yanzu da bindiga suke godiya. Fuskarsa ta canja. Ya ce ɗansa Rupert, wanda sunansa ke farkon jerin, da wannan kalma a bakinsa ya tafi, kuma ba za a taɓa ko baƙi ɗaya ba. A bakin ƙofa manajansa ya raka ni da murmushi, ya tambayi gwiwar Inna, ya tuna min cewa gidan da take ciki na mahaƙa ne. Ya ce, "Wanda ya ajiye guduma, da makulli yake ajiyewa."

A hanya na yi dabara. Zan sassaƙa musu dutsensu, amma ban da Tegid. Iyali suna da ikon cewa a cire nasu. Na samu Inna tana murza ƙullun burodi. Ban gaya mata kalmar ba, cewa na yi kawai rubutun bai dace da shi ba, gara mu cire shi. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Idwal, ubanku yana da kabari, ina zuwa in cire masa ciyawa. Tegid ko maɓallin rigarsa ba a kawo min ba. Shekara huɗu ban san inda zan tsaya in yi kuka ba. Kai mai karatu ne, ni ba ruwana da abin da ya dace. Ka ba ɗana dutse."

 Na fita bayan gida na yi ta faskara itace har gatarin ya fita daga ƙotarsa.

Ki yi mana addu'a.
Naki,
Idwal

Rhydlas, 19 ga Yuni, 1921

Yaya Olwen,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafarar shirun wata biyu. Da fatan kina lafiya. Mu ma haka, in ana kiran wannan lafiya.

Hannuna bai shanye ba. Na sassaƙa.

Na so in yi ha'inci, in sare kalmar sama-sama yadda ruwa da ƙanƙara za su cinye ta cikin shekara talatin. Hannun ya ƙi. Baba Puw bai koya masa aikin banza ba. Ya zo ya shafa baƙaƙen da yatsa, ya ce, "Wannan sai ta shekara ɗari uku." Yabo yake yi, Yaya.

Ranar Asabar ta makon jiya aka buɗe dutsen. Aka ja tuta daga kan dutsen, aka busa ƙaho, Kanar ya yi jawabi da Ingilishi, tsofaffi suna gyaɗa kai ba su ji ko kalma ba. Da jama'a suka ragu na kai Inna. Na ɗora yatsanta a kan sunan, na goma sha ɗaya a jeri. Ta bi shi baƙi bayan baƙi, sau uku. Ta yi kukan da ta riƙe shekara huɗu. Sannan ta ɗaga kai ta ce, "Manyan nan na sama fa, me suka ce?"

Ni da na cika bukkar shayi da wa'azin kiran kowane abu da sunansa, na buɗe baki na ce, "Cewa aka yi, waɗannan 'ya'yan wannan kwari ne." Elis yana tsaye a gefe a kan sandarsa, shi da ya iya Ingilishin soja. Na jira dariyarsa. Ya cire hula ya ce, "Haka aka rubuta, Inna."

Ta ce, "Allah sarki. Ashe Kanar ya san mu." Jiya ta aike ni gidansa da ƙwai goma sha biyu da man shanu, na godiya. Na kai. Ta ƙofar baya.

Kanar ya ji daɗin aikin ƙwarai. Ƙauyuka uku da ke kan ƙasarsa suna son irinsa, da rubutu iri ɗaya, kuma ni ya zaɓa. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Gobe Litinin zan wasa cizal, ƙarfen sassaƙata.

Abu ɗaya nake roƙonki. In kin zo hutun Agusta Inna za ta ja ki wurin dutsen, kullum sai ta je. Za ta ce ki karanta mata na saman, don tana son jin sa. Kin ga abin da na ce an rubuta. Ki haddace shi.

Maganar adireshi kuwa, ki ƙyale uwargijiyarki ta rubuta abin da ta ga dama. Ita da tawada ta rubuta nata. Ni a dutse na rubuta.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki zo da rigar sanyi.
Ƙanenki,
Idwal