Ranar da Aka Miƙa Miki Makirufo

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu gidan gaskiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa a durƙushe irin wadda ɗa yake yi wa uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar kabari. Ni ne ɗanki na fari, daga unguwarmu Briqueterie ta Yawunde nake rubuto miki. Unguwa tana nan yadda kika bar ta, da ƙarar kekunan teloli da hayaƙin masu tsire, kwatar ƙofar gidanmu ma har yau tana cika in an yi ruwa.

Makon jiya aka sake gayyatata taron masu zane da masu sassaƙa da mu masu zana gine-gine, kowa ya tashi ya faɗi yadda yake aikinsa. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko iyayena sun mara mini baya tun farko. Na kurɓi ruwa, na ce mata labarin yana da tsawo. To yau zan ba da shi, duk wanda ya leƙo ya karanta, bismillah.

Ke dai ba ki wasa da alkunyar ɗan fari. Tun ina ƙarami ba ki taɓa kama sunana ba. Ni ne "kai", ni ne "wannan yaron", in kin matsu ki ce wa ƙanwata Hadiza, "Kira mini yayanki." Ƙannena kuwa har kirari kike yi musu. Ni ko dutse na dafa ba ki yabawa, ba ki ma yarda ido ya haɗu. Na san al'ada ce, haka aka yi miki, haka kika tarar. Amma sanin al'ada bai hana ni jin zafi ba.

Na dawo daga karatun zanen gine-gine daidai lokacin lakiriz, wato matsin tattalin arziki, da aka zabge albashin ma'aikata aka karya darajar sefa. Wa zai yi gini? Benayen da aka fara a unguwar Messa duk suka tsaya, rodi ya yi tsatsa a sama, ciyawa ta tsiro a kan siminti. Ni da takardar shaidata na ƙare a rumfar teloli, ina zana musu aska takwas a wuyan riguna. Ke kuma kullum ki ɗauki atamfofinki zuwa kasuwa, ki dawo da kusan duk abin da kika fita da shi. Abu guda ne yake cina a lokacin: ko kina ganin wahalar da kika sha a kan karatuna ta tafi a banza? Kalma ɗaya nake nema daga bakinki, ko e ko a'a.

Ana cikin haka aka shirya wani taro a tsakiyar gari, matasa masu aikin hannu su zo su yi bayanin abin da suke yi a wannan matsi. Akwai wanda yake ƙera mutum-mutumi da tsoffin ƙarafan mota, akwai wadda take zane da jar ƙasa a kan buhun siminti tun da fenti ya gagare ta. Aka sa sunana a cikinsu. Hadiza ta yi ta lallaɓarki har kika zo, kika zauna can baya kusa da ƙofa. Daga inda nake na hango mayafinki.

Na yi magana a kan jan bulo, na ce siminti ya fi ƙarfin talaka alhali ga ƙasa a ƙarƙashin ƙafarmu. Sannan na ce inuwa a wurin uwata na koye ta. Na ba su labarin yadda kike jan tabarmarki a tsakar gida, da hantsi tana gindin katanga, da azahar tana bakin madafa, da la'asar ta koma ƙofar ɗakin Baba. Na ce ba na zana bango ko taga sai na tambayi kaina inda za ki shimfiɗa tabarma. Aka yi tafi sosai.

Matar da ke jagorantar taron 'yar unguwar Elig-Edzoa ce, ba Bahaushiya ba, ba ta san halinmu ba, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta yi. Ta ce, "Maman tana nan?" Hadiza, uwar rawar kai, ta nuna ki. Matar ta tako har inda kike, ta miƙa miki makirufo, ta ce ki faɗi sunan ɗanki da abin da ke ranki yau. Hadiza ta juya miki da Hausa. Ni ina tsaye ina cewa a raina, yau dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Kika ja mayafi kika rufe rabin fuska, kika dubi ƙasa, kika ce, "Ni rakiya na yi." Hadiza ta mayar musu da Faransanci. Aka fara dariya, sai kuma ta katse.

Da aka tashi, mai ƙarafan motar nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ashiya, mon frère," wato sannu ɗan'uwa, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sun ɗauka kunyata kike ji, ɗan da ya yi dogon karatu ya ƙare a gindin keken ɗinki. Na yi musu bayanin alkunya har bakina ya bushe, amma ni mai bayanin ban tabbata ba. Haba Inna! Ko "madalla" kawai kika ce ai ta ishe ni. Muka koma gida, kika zuba tuwo kika ba Hadiza kika ce, "Kai wa wannan." Na ci ne kawai don kada a ce na yi fushi, amma na yi fushi, kuma na daɗe ina yi.

Lakiriz bai gama sakinmu ba hawan jini ya kayar da ke, tunaninki ya riƙa tafiya yana dawowa. Wata la'asar na zo asibiti kai tsaye daga unguwar Ekoudou, inda na samu aikina na farko, wani ɗan gida na jan bulo. Jikina duk ƙasa. Hadiza ta fita neman ruwan zafi, ya rage daga ni sai ke. Kika dube ni ido cikin ido, abin da ba ki taɓa yi ba. Nan na gane ba ki shaida ni ba.

Kika ce, "Bawan Allah, kai ɗan garin nan ne? Ka san ɗana Isiyaku?"

Inna, ban san haka sunana yake a bakinki ba. Na ce, "Na san shi, Hajiya."

Kika ce, "Shi ne ya tsaya gaban manyan mutane yana ta Faransanci, ko in'ina babu. Wai a wurina ya koyi inuwa. Ji shirme! Ni gudun rana kawai nake yi." Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. "Ranar guɗa ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Isiyaku ke nan. Duk Briqueterie ba mai kansa."

Na so in ce ni ne. Amma na san in kika gane ni mayafi za ki ja, ki yi shiru. Sai na zauna a matsayin baƙo, ina riƙe da hannunki, kina ta kiran sunana kamar mai ramuwar azumi, ni kuma hawaye na zuba a kan rigata mai ƙasa. Da kika ji takun Hadiza, kika matse yatsuna kika rage murya: "In ka gan shi kada ka gaya masa. Ɗan fari ne."

Na ce ba zan gaya masa ba. Daga ranar ba ki ƙara gane kowa ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Ki yi haƙuri, Innata. Ya ji.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wahalar da kika sha a kanmu ta zama nauyi a mizaninki. Allah Ya haɗa fuskokinmu a Aljannar Firdausi, ko ki kira sunana ko kada ki kira. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Isiyaku
Briqueterie, Yawunde